Barkonon da Ya Sauka a Kunci

Anselm Pio ba ya wuce ƙaramin reshe bai karya shi ba. Ba tsinke shi yake yi ba, lanƙwasa shi yake yi da yatsu biyu har ya ce ƙas, ya bar shi a rataye, bayan ganyen mai haske yana duban inda aka fito. Haka mutanenmu suke yi a daji don kada hanyar komawa ta ɓace musu, amma shi har cikin ƙauye yake yi. Daga ƙofarsa zuwa coci bai fi taku ɗari biyu ba, kuma babu tsiron da bai sha hannunsa ba a tsakani. Yayata Selestina, wadda ya aura, takan ce ko ranar aurensu sai da ya karya reshe, don ya san ta inda zai gudu.

Ni ne Fidelis, ƙanin matarsa. Yako muke kiran juna, kamar yadda miji da ɗan'uwan matarsa suke yi a wajenmu, kuma wanda ka kira yako ba ya fushi da bakinka. Shekara talatin da ɗoriya ina bin bayansa da warishi, kwandon da muke goya kaya a ciki, duk lokacin da aka sami mai son ganin Kuyameru, inda kogi yake faɗowa daga kan dutse. Daga Siraparu, ƙauyenmu, idan ka tashi da sassafe ba za ka ji ƙarar ruwan ba sai rana ta karkata. Masu zuwa ba su da yawa. A shekara mai kyau a sami uku ko huɗu, yawanci masu neman tsuntsaye ko kwaɗi.

Wanda bai taɓa ganin Kuyameru ba, ba ya zuwar masa da ido buɗe. A inda daji ya ƙare, akan ɗiga masa ruwan barkono a ido biyu. Wanda ya ɗiga ɗin shi ne zai kama hannunsa ya bi da shi ta siririn dutsen da ke manne da bangon kwazazzabon, har zuwa lungun da ke fuskantar mafaɗar ruwan. Kafin su isa hawaye ya wanke idon, sai ya buɗe. Tsofaffi sun ce mai ruwan ba ya son baƙon ido, amma idan ya iske shi a rufe sai ya kau da kai. Fada, limamin cocinmu, ya taɓa yin wa'azi a kan wannan har sau biyu. Ranar da shi kansa ya je, ya ɗaga fuska aka ɗiga masa.

Ni sau ɗaya na bi dutsen nan, ina saurayi, ido a rufe. Da na buɗe na ga abin da na tako, da rarrafe aka dawo da ni. Tun daga ranar aikina yake ƙarewa a bakin shiga, inda nake zama da kaya in hura wuta. Anselm bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. Yakan gaya wa baƙi wai an ajiye ni nan ne don in tsare tukunya kada ta faɗa ruwa.

Da Selestina ta kwanta ciwo, jirgin sama ya ɗauke ta zuwa birnin Jojtawun, inda 'yarsu Verna take aikin jinya. Can aka binne ta. Anselm bai faɗi kalma ɗaya mara kyau a kan birnin ba. Ya dai daina ɗaga kai idan jirgi ya wuce.

Ban san ranar da idonsa ya soma ba. Wata Lahadi ce na gan shi yana tafiya coci, hannunsa yana bin tsoffin rassan da ya karya, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, ba ya karya sabo. Daga baya na lura ya jawo hularsa ƙasa. Ranar da iska ta ɗage ta, na ga ƙwayar idon ta yi fari-fari kamar ruwan da aka matse daga rogo.  Baƙi biyu da suka zo a wannan shekarar ya ce musu ƙafa ce take damunsa, suka koma ba su ga Kuyameru ba.

Verna ta zo da rani, bayan shekara shida rabonta da gida. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, ta ɗauko tsayuwar uwarta da kuma shirunta. Kwana biyu ta yi tana kallon ubanta yana cin tuma, miyarmu ta ruwan rogo, yana laluben gurasar rogo a gefen kwano, kafin ta yi magana. Ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aikin rabin sa'a ne, tana ganin ana yi wa tsofaffin da suka girme shi. Ta ce ranar Alhamis ta sama jirgi zai dawo, kuma ta kama kujera biyu.

Anselm ya ce idonsa lafiya lau, yana iya ƙirga kaskar da ke jikin karen maƙwabta daga nan. Karen maƙwabtan ya mutu tun damina.

Verna ba ta yi musu ba. Ta ce tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka kai ta makaranta bakin teku, ba ta taɓa ganin Kuyameru ba, duk da kowa yana ce mata 'yar mai Kuyameru. "Ka kai ni, Baba. In ka kai ni ka dawo da ni, ba za ka ƙara jin maganar jirgi a bakina ba. In ka kāsa, kujerar nan taka ce."

Da la'asar ya same ni a gonar rogo. Ya tsaya yana magana da kututturen da ke kusa da ni, sai da na yi tari ya juyo. Abin da yake so kaɗan ne, in ji shi. Zan bi bayansa kamar kullum, Verna a bayana. Idan akwai saiwa ko dutse a gabansa, in bugi itace da adda sau ɗaya, sai ya ɗaga ƙafa. Idan reshe ne a sama, sau biyu, sai ya sunkuya. Sauran hannunsa da kunnensa za su yi.

Na tambaye shi siririn dutsen fa. Ya ce dama can ba da ido yake binsa ba. Taku arba'in da bakwai ne, ƙafarsa ta haddace su tun kafin a haifi Verna. Na ce damina biyu ke nan bai taka wurin ba. Ya yi dariya ya ce, "Yako, kai da ka san dutsen da gwiwa, ka taɓa jin ya tashi ya tafi wani wuri?"

Da na gaya wa Verna a ranar, da ba a yi tafiyar ba. Na tuna da kabarin yayata da ban taɓa gani ba, da ƙasar da ba tamu ba da aka rufe ta da ita. Ban gaya mata ba.

Mun fita gari yana wayewa, jajayen birai suna ruri a saman itatuwa kamar hadari na tahowa. Anselm yana gaba, hannun damansa a ɗan buɗe yana shafar ganyaye. Tsoffin karye-karyensa suna nan, sun warke sun yi gwiwa, kuma yatsunsa suna gane su. Inda daji ya cinye hanya yakan ɗan tsaya kamar mai sauraren tsuntsu, har sai hannun ya sami abin da yake nema. Ni kuwa ina bugu. Ɗaya. Ɗaya. Biyu. Ɗaya.

Kafin hantsi Verna ta tambaye ni daga baya, "Kawu, itatuwan nan me suka yi maka?"

Na ce macizai nake kora. Ta ce ashe macizan nan sun iya lissafi.

Rana ta kusa tsaka muka iso inda zakarun dutse suke taruwa, tsuntsayen nan masu launin garwashi da ke share ƙasa su yi rawa. Verna ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Sannan ba tare da ta juyo ba ta tambayi ubanta guda nawa ne. Ya karkata kai.  Ya ce bakwai. Na ƙirga, takwas ne, amma ɗaya yana zaune a reshe bai yi kuka ba. Verna ta ce, "To," ta miƙe.

Ba da jimawa ba ya ɗaga hannu muka tsaya cak. Ni ban ji komai ba. Ya ce mu hau kan tsohon gungumen da ke hagu, mu yi sauri, kada wanda ya yi magana. Da ƙyar muka daidaita a sama, sai warin ya iso, sannan ƙarar haƙora kamar ana fasa ƙwara da dutse. Aladun daji ne, sun fi ɗari, suka ratsa daidai inda muke tsaye ɗazu, ƙananan a tsakiya, manyan suna ɗaga hanci suna nemanmu. Ɗaya ya tsaya a gindin gungumen, gashin bayansa a tsaye, har sai da na ƙarshe ya wuce. Da suka yi nisa Anselm ya sauko yana karkaɗe wando, ya tambayi Verna ko a birni an koya mata ganin abu kafin ya zo. Ta yi murmushi, ta farko tun da ta sauka. Na ga yana tafiya da ƙarfi bayan nan, har ya karya sabon reshe guda biyu.

Ƙarar Kuyameru a ƙafa ake fara jinta kafin kunne. Daji ya buɗe, muka fito kan falalen dutse inda manyan tsiran nan masu ganye irin na abarba suke, waɗanda suka fi mutum tsawo. A cikin ruwan da ke kwance a hammatar ganyensu kwaɗin zinariya suke zama, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, suna ta ƙyas-ƙyas. Tsattsewa suna shawagi a kan kwazazzabon. Ruwan kansa ba a ganinsa daga nan, bangon dutse ya tare shi, sai hayaƙinsa da ke tashi fari.

Na sauke warishi. Anselm ya ciro ƙaramar kwalbar da ya gāda daga kawunsa, ya tsoma tsinken ganye a ciki, ya ce wa Verna ta ɗaga fuska. Ya riƙe haɓarta da hannun hagu. 

Ɗigon farko ya sauka a kuncinta, ƙasa da idon hagu da kamar faɗin yatsa biyu. Na biyu ya sauka a gefen hanci, ya gangara.

Verna ta dube ni da idanu biyu busassu. Na buɗe baki. Ta girgiza kai kaɗan, yadda uwarta take yi mini muna yara idan na tashi tona asiri. Sannan ta runtse ido ta ce, "Da zafi, Baba."

Ya ce zafin ne maganin. Ya kama hannunta, ya juya ya fuskanci dutsen.

Na tsaya ina kallonsu suna shiga, shi a gaba kafaɗarsa tana gogar bango, ita a baya. Faɗin wurin bai kai tabarmar yaro ba, kuma kullum a jiƙe yake, da gansakuka. A hannun hagu babu komai sai hazo, da kan itatuwa can ƙasa kamar ganyen miya. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na dai tsinci kaina a kan dutsen da na rantse ba zan sake takawa ba, ina bin su da gwiwa, adda tana hannuna domin na manta in ajiye ta.

Ina ganin leɓɓansa suna motsi duk lokacin da ya juyo da fuska gefe. Ƙirga yake yi. Yakan tura babban yatsan ƙafa gaba, ya taɓa, sannan ya ɗora nauyinsa. Amma da ya wuce ashirin sai ƙafar ta tuna wurin, ta daina tambaya. Ya fara tafiya yadda ya saba, har yana ɗan jan Verna. Ita kanta a sunkuye yake. Daga inda nake ba na ganin idonta.

A kwanar da dutsen yake lanƙwasawa, wajen taku na talatin, na ɗaga kai. Bangon da na sani baƙi ne, amma a wurin nan ja ne, sabo, kamar naman da aka yanka. Ƙasa da jan babu hanya. Wani yanki da ya kai tsawon mutum ya tafi, kuma Anselm taku biyu ya rage masa.

Na yi ihu, ruwan ya haɗiye muryar, ko ni ban ji ta ba. Sai na ɗaga adda na bugi dutsen da duk ƙarfina.

Ƙarfe a kan dutse yana ratsa ƙarar ruwa. Ya ji. Sai a lokacin na tuna cewa a gonar rogo abu biyu kawai muka shirya, kuma babu tsayawa a cikinsu. Sau ɗaya na buga. Anselm ya ɗaga ƙafa sama, yadda muka yi alkawari, ya miƙa ta gaba don ya tsallake saiwar da babu ita.

Verna ta saki hannunsa ta rungumo ƙugunsa da hannu biyu, ta jefa kanta jikin bango. Suka bugu da dutsen tare. Hularsa ta tashi, ta yi ta juyawa a cikin hazo har na daina ganinta. Ƙafarsa ta dama tana reto a kan babu komai. Ya janyo ta a hankali, ya tura babban yatsa ya taɓa bakin wurin da ya karye, ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe yana taɓawa.

Da baya da baya muka fito, ni ina ja da gwiwa, Verna tana riƙe da bel ɗinsa tana saita shi. Ban ƙirga ba, amma ya fi talatin nisa.

A kan falalen muka zauna. Babu wanda ya hura wuta. Kwaɗin suna ta abinsu. Can Anselm ya ce, ba da ƙarfi ba, "Da wane ido kika gani?"

 Ya miƙa hannu ya lalubo fuskarta. Yatsunsa suka bi girarta, suka taɓa fatar idon da ba ta kumbura ba, suka gangaro kunci inda barkonon ya tasa fata ya yi layi. Nan suka tsaya. Na kau da kai na dubi tsattsewa.

Na zaci maganar jirgi zai yi, ko ya yi mini faɗan bugu ɗaya. Amma da ya buɗe baki muryarsa ta canja, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka ɗauki Selestina.

"Kin ga ruwan?"

"Ban gani ba, Baba. Ƙafarka nake kallo."

"Ko gefensa?"

"Ko gefensa. Kwanar ta tare."

Ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauko. Ni da nake bayanta, a ƙasa kuma, na ga farin ruwan ta gefen kwanar, kamar an rataye zane. Ban taɓa tambayarta ko ta gani ba.

Ya ce to ba a ɓata komai ba, har yanzu baƙuwa ce, mai ruwan bai san ta zo ba. Ya ce akwai wata hanya da kawunsa ya taɓa ambata, ta kan tudu, a sauko wa lungun daga sama. Sai an sare ta. Idan ta samu zai kawo ta yadda ya kamata. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce amma mutum ba ya ɗiga wa 'yarsa barkono a kunci sau biyu, sai an gyara abin da yake duba wurin ɗigawa da shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da kujerar. Verna ta ce, "To, Baba."

Sannan ya juyo inda yake zaton nake, ya ce, "Yako, ashe gwiwarka ba ta manta hanya ba."

Kwana tara suka rage kafin Alhamis ɗin. Shida daga ciki a can muka yi su, ni da shi, a rumfar da muka kafa a bakin falalen. Ni nake sara, shi yake faɗin inda za a bi, yana sauraren ruwan ta kunnen hagu, yana cewa kada ƙarar ta koma bayanmu. Duk taku biyar sai ya karya reshe. Tudun ya fi yadda kawunsa ya faɗa tsayi, ga ƙaya, ga tururuwa masu ɗaukar ganye da suka yi hanyarsu a kan tamu. Rana ta shida muka iso wani babban itace mai saiwoyi kamar bangon ɗaki. Daga nan ƙasa ta fara gangarawa wajen ruwan. Ya ce rabi ke nan, ko fiye kaɗan. Ya kama wani reshe ya fara lanƙwasawa, sai ya fasa, ya ce wannan sai ya dawo, yana so ya ga inda zai nuna.

Ya ce kada in ci gaba ni kaɗai. "Kai duk hanyar da ka sara, wajen tukunya take komawa."

Ranar Alhamis ya sa rigar coci, ya ari hulata. Daga ƙofarsa zuwa filin jirgi bai taɓa ganye ko ɗaya ba.

Verna ta aiko da saƙo cewa an yi idon dama, ya buɗe. Ta kai shi bakin teku, ya tsaya ya duba ya ce ruwa mai yawa haka, kuma a kwance, ba ya aikin komai. Ta kai shi kabarin Selestina, ya karanta sunan da kansa. Ana jiran ranar idon hagu ciwon ƙirji ya kama shi, da damina, bai tashi ba. Ta ce taku shida ne tsakanin kabarinsa da na uwarta, ta ƙirga.

Kwalbar ta dawo a cikin jirgi, a naɗe cikin hulata. Tana nan a saman ƙofa. Verna ta ce za ta zo idan hanya ta samu, kuma ba ta faɗi wanda zai sare ta ba.

Bara na je har gindin babban itacen. Karye-karyensa suna nan, sun warke, suna hawa tudu biyar-biyar. Reshen na ƙarshe, wanda ya lanƙwasa bai karya ba, ya ci gaba da girma a karkace. Na tsaya a wurin da adda a hannu har rana ta karkata, ina jin ruwan ta kunnen hagu.